Hassan da Usaina a Nahawun Ingilishi: Don Me Ake Hana Mu Rarrabe Su da Hausa?

Kwanakin baya wata ɗaliba ta kawo mini littafinta na darasin Ingilishi, tana son in duba mata kafin jarrabawa. A shafin da ta buɗe akwai ma'anoni biyu da aka sa su kwafa daga allo, kowace an ja mata layi da jan biro. Ta farko ta ce *gerund* kalma ce mai ƙarewa da *-ing* wadda ke yin aikin suna. Ta biyu ta ce *present participle* kalma ce mai ƙarewa da *-ing* wadda ke yin aikin sifa. Ta haddace su sarai, ko daga barci aka tashe ta za ta kawo su ba tuntuɓe. Sai na rubuta mata jimloli biyu, *Her job is teaching* da *Her mother is teaching*, na ce ta nuna mini wanne ne wanne. Ta daɗe tana kallon takarda, daga bisani ta ce ita dai a ganinta duk ɗaya ne, tunda nan *is teaching*, can ma *is teaching*. Na ce to ta ajiye Ingilishi, ta faɗa mini su da Hausa. Ban rufe baki ba ta ce: "Sana'arta koyarwa ce," da kuma "Mahaifiyarta tana koyarwa." Ashe amsar tana bakinta tun farko, an dai hana ta neman ta a inda take.

Ƙorafina ke nan a kan yadda ake koyar da wannan babi. Ana ɗaukar yaron da ya tashi da harshe mai rarrabe waɗannan abubuwa biyu a fili, a rufe masa ƙofar harshen nasa, a miƙa masa layi biyu ya haddace kamar aku. In ya faɗi jarrabawa a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. A makarantun zamanin mulkin mallakar Faransa akwai abin da ake kira *symbole*, wanda ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gida. Ko a inda aka daina rataya shi a wuya, malamin da ke ganin kawo misalin Hausa a darasin Ingilishi zubar da girma ne, har yanzu yana ɗauke da shi a kansa. Kuma maganar ta wuce ta maki. Kundin da hukumomin Nijar suka zartar a shekarar 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wa ake tsammani zai riƙa juya takardu tsakanin Hausa da Ingilishi in ba ku ɗaliban Hausa ba? Mai fassarar da bai san wace *-ing* ce a gabansa ba zai rubuta abin da ba a faɗa ba, a buga masa hatimi.

Domin sauƙin magana, bari mu raɗa musu sunayen gida. Na farkon mu kira shi suna ɗan aikatau, kamar yadda muka saba kiran irin su *tafiya* da *karatu* da *dafawa* a nahawunmu. Ta biyun mu kira ta sifa ƴar aikatau. Hassan da Usaina ke nan, uwa ɗaya ta haife su, wato aikatau, kuma an ɗinka musu riga iri ɗaya.

Asali ma ba riga ɗaya suke sawa ba. A tsohon Ingilishi, na wajen shekara dubu da suka wuce, sunan yana ƙarewa da *-ung* ko *-ing*, sifar kuwa da *-ende*. A ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar Normawa ta 1066 ne furucin ɗafa-ƙeyar biyu ya yi ta matsowa kusa har suka narke suka zama ɗaya. Jamusanci, ɗan'uwan Ingilishi na jini, bai yi wannan haɗin ba: har gobe yana da *-ung* na suna da *-end* na sifa. Su kansu sunayen da ake sa ɗalibai haddacewa daga nahawun Latin aka aro su, inda kowane yake da siffarsa, *legendum* daban, *legens* daban. Wanda ya yi karatun Larabci ma ya san wannan rabo tun yana yaro, domin babu ɗalibin nahawu da zai ruɗe tsakanin masdari da ismul fa'ili, tsakanin *kitaba* da *katib*. Ingilishi ne ya ɓatar da alamar. To in harshe ya ɓatar da alama a jikin kalma, wace hikima ce a ce wa ɗalibi ya dubi jikin kalmar? Ma'anonin nan biyu na kan allo duk da ɗafa-ƙeya suka fara, wato da abin da ya haɗa tagwayen. Abin da ya raba su an bar shi a kalma ɗaya tak a ƙarshen layi.

Kuma ko wannan kalma ɗayar ba ta cika gaskiya ba. A cikin *Her mother is teaching*, wace sifa *teaching* take yi? Babu. Haɗuwa ta yi da *is* suka gina lokaci mai ci. Ashe Usaina aiki biyu gare ta, tana sifanta suna, tana kuma taya aikatau nuna lokaci, amma allo ɗaya kawai ya ambata. Ɗalibar nan da ta yi shiru tana da hujja.

Yanzu ga abin da Hausa ke yi cikin ƙiftawar ido. Ɗauki *drinking water* da *running water*. A ido ƙirarsu ɗaya. Da Hausa kuwa na farko *ruwan sha* ne, na biyu *ruwa mai gudu*. Ruwan sha ba ya shan komai, don sha aka tanade shi. Ruwa mai gudu kuwa shi ne ke gudun. Haka *sewing machine* keken ɗinki ne, *frying pan* kaskon suya, *waiting room* ɗakin jira, *walking stick* sandar tafiya. A ɗaya ɓangaren, *crying baby* jariri mai kuka ne, *barking dogs* karnuka masu haushi. Duk inda fassara ta zo da mahaɗin nan *-n* ko *-r*, suna ɗan aikatau ne a gabanka. Duk inda ta nemi *mai* ko *masu* ko *wanda ke*, sifa ce. Babu Bahaushen da zai ce "jaririn kuka" yana nufin jariri mai kuka, ko "ɗaki mai jira" yana nufin ɗakin jira. Kunne ba zai karɓa ba. Wannan kunnen ne ake cewa a bar shi a bakin ƙofar aji.

Akwai ma wata alama da Turawan kansu ke bi ba tare da sun sani ba, wadda ɗalibin Hausa ya fi kowa cancantar ya ji ta. Idan sunan ne, nauyin murya kan kalmar farko yake sauka, kamar a *sleeping mat*, tabarmar barci. Idan sifa ce, nauyin yakan koma kan kalma ta biyu, kamar a *sleeping child*, yaro mai barci. Mutumin da ke rarrabe *fari* na launi da *fari* na rashin ruwa da karin sauti kawai, wannan ba zai gagare shi ba. Sai dai ban taɓa ganin an kawo shi a darasi ba, wataƙila don ba a iya ja masa layi da jan biro.

Wani zai ce to duk wannan mene ne amfaninsa, tunda ko ka san sunan ko ba ka sani ba ma'ana tana fita? Ga amsa. *Grazing cattle can ruin a farm.* Me aka ce? Ana iya nufin kiwon shanu na iya ɓata gona, wato laifin na mai kiwo ne da aikinsa. Ana kuma iya nufin shanu masu kiwo na iya ɓata gona, wato dabbobin ake magana a kai. Ingilishi ya bar jimlar da fuska biyu saboda *can* ba ta nuna tilo ko jam'i. Sauya ta ka gani: *Grazing cattle is hard work*, kiwon shanu aiki ne mai wuya, *Grazing cattle are hard to count*, shanu masu kiwo suna da wuyar ƙirgawa. Zaɓi tsakanin *is* da *are* ya rataya ne kacokan a kan sanin wanne ne cikin tagwayen. A ƙasar da rikicin manoma da makiyaya ke cin rayuka, ka ƙaddara irin wannan jimla ta faɗo cikin takardar sulhu, aka ba ka ka juya ta. Hausa ba za ta yarda ka tsaya a tsakiya ba, dole ka ɗauki ɗaya. In ba ka ma lura akwai biyu ba, ka yanke hukunci ke nan ba da saninka ba.

Haka kuma sifar nan idan ta buɗe jimla, doka ce ta jingina ga aikau ɗin da ya biyo ta. *Running to school, my book fell into the gutter.* A ƙa'idar Ingilishi littafin ne ke gudu zuwa makaranta. Turawa da kansu suna faɗawa wannan rami kullum, har a jaridu. Bahaushe ba zai faɗa ba muddin ya fara tunanin da harshensa, domin Hausa tana tilasta masa ya bayyana mai aikin: "Ina gudu zuwa makaranta sai littafina ya faɗa kwata." A labarin littafi abin dariya ne. A takardar ciniki da ta ce *Having signed the agreement, the money was paid*, ba a faɗi wanda ya sa hannu ba, kuma mai fassara nagari zai koma ya tambaya kafin ya rubuta "bayan ya sa hannu" ko "bayan sun sa hannu".

Shi kuma sunan, babbar dokarsa ita ce shi kaɗai ke iya bin ƙananan kalmomin nan irin su *of* da *for* da *without* da *after*. Wannan ma Hausa ta riga ta koya mana: *bayan cin abinci*, *ba tare da sallama ba*, *don neman ilimi*. Inda ake tuntuɓe shi ne *to*. Wasiƙun neman gurbin karatu nawa ne suka tashi daga Yamai da Maraɗi da Damagaram ɗauke da *I look forward to hear from you*? A nan *to* ɗin irin ta "zuwa ga" ce, suna take nema, saboda haka *hearing* ne daidai. Gwajin mai sauƙi ne: in za ka iya sa suna sak a gurbin, kamar *I look forward to the holiday*, to ɗan aikatau ne zai zauna a wurin. Kuskure ne ƙarami, amma a layin ƙarshe na wasiƙa yake zama, inda idon mai karatu ke tsayawa.

Ɗalibanmu na Nijar, da na Kamaru da Cadi, suna da wani nauyin na daban wanda littattafan da aka rubuta don Nijeriya ko Gana ba su san da shi ba. Kafin su fara Ingilishi a kwaleji sun riga sun sha nahawun Faransanci, kuma a can akwai abin da ake kira *gérondif*. Sunan ya yi kama da na Ingilishi kamar an tsaga kara, asalinsu ma ɗaya ne a Latin, amma kama da wane ba wane ba ne. Na Faransanci shi ne irin *en marchant*, aikinsa na bayanau ne, yana faɗin yadda ko lokacin da aka yi abu, kuma ba ya taɓa zama aikau ko karɓau. Inda Ingilishi ke cewa *I like reading*, Faransanci *J'aime lire* yake cewa, ba ya kusantar *gérondif* ko kaɗan. Saboda haka malamin da ya ce wa aji "wannan shi ne *gérondif* ɗinku" don ya sauƙaƙa musu, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Abin takaicin shi ne an yarda a yi bayani da Faransanci, wanda ke ɓatar da su a wannan babi, an hana Hausa, wadda ke cewa "Ina son karatu" daidai da ƙirar Ingilishin.

Kada kuma in yi muku rufa-rufa, Hausa ma tana da ramin da take jefa mai ita. Fassara *He is buying a horse*: "Yana sayen doki." Ga *saye*, suna ɗan aikatau, har da mahaɗinsa. Ɗalibi mai gaggawa zai ce ashe *buying* ma suna ne. A'a. Hausa ce ke gina lokaci mai ci da suna, shi ya sa *yana tafiya* da *yana gida* suke da ƙira ɗaya, kamar dai mutum yana cikin tafiyar ne yadda yake cikin gidan. Paul Newman ya yi dogon bayani a kan sunayen nan a babban nahawunsa na shekarar 2000, haka ma Philip Jaggar a nasa na 2001. Wani abin sha'awa, Ingilishi ma ya taɓa bin wannan hanya: tsohon salon nan na *a-hunting* daga *on hunting* ya samo asali. Amma a Ingilishin yau abin da ke bin *is* a lokaci mai ci Usaina ce. Don haka kada ka dubi kalmar da ta fassara *-ing* ita kaɗai, dubi abin da ke riƙe da ita. In *yana* ko *tana* ko *suna* ne, ko *mai* da *masu*, sifa ƴar aikatau ce. In kuwa kalmar ta tsaya da ƙafarta a gurbin aikau ko karɓau, ko ta ɗauki dirka *ne* ko *ce*, suna ne. Abin da ɗalibata ta yi ke nan ba tare da ta san sunansa ba: ta sa *ce* a jimla ɗaya, ta sa *tana* a ɗayar.

Saura ɓangare na biyu na masu laifi, kuma su sun fi ba ni haushi domin sun yi karatu. Su ne masu cewa ai masana na zamani sun soke wannan bambanci, a daina wahalar da yara. Hujjarsu ita ce babban nahawun Ingilishi na Kambirij da Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum suka fitar a 2002, inda suka haɗe sunayen biyu suka mai da su ɗaya. Gaskiya ne sun yi haka, kuma suna da dalili mai ƙarfi: babu aikatau ko ɗaya a Ingilishi da ke da siffa daban don wannan da siffa daban don wancan. Tun kafin su, Randolph Quirk da abokan aikinsa uku sun nuna a nasu littafin na 1985 cewa tsakanin suna tsantsa da aikatau tsantsa akwai matakai da yawa, kamar tsani. Amma waɗannan malamai suna ne suka sauya, ba su ce ginin jimlolin ya zama ɗaya ba. Su ma suna ware *building* mai jam'i, irin *gini* da *gine-gine*, daga *building* mai ɗaukar karɓau. Mu ma muna da wannan: *Building the mosque took two years* shi ne "Gina masallacin ya ɗauki shekara biyu," *The building of the mosque* kuwa "ginin masallacin." Suna kuma ware irin su *interesting* da suka zama sifa sak har suna karɓar *very*. Wanda ya karanta shafi ɗaya ya rufe littafi ya ce an soke babin, lalaci ne ya samu rumfa. Ko da wane suna ka kira su, shanun nan masu kiwo suna nan suna jiran ka zaɓa musu *is* ko *are*.

Inda na yarda da su shi ne akwai wuraren da iyakar ta dushe. *I dislike his coming late* kowa ya yarda suna ne, "zuwansa a makare." To *I dislike him coming late* fa? H. W. Fowler, a littafinsa na 1926, ya ɗauki irin wannan gini a matsayin ɓarna. Otto Jespersen, masanin nan ɗan ƙasar Denmak, ya mayar masa da martani da tarin misalai daga manyan marubutan Ingilishi. Shekara kusan ɗari ke nan, Turawa na ci gaba da faɗin duka biyun. Haka *She kept talking* da *We went fishing*: Hausa za ta ba ka "ta yi ta magana" da "mun tafi su," amma ba ka iya sa *it* a gurbin *talking* ma'anar ta tsaya. Irin waɗannan a tattauna su a aji, a yi gardama, a tashi ba a daidaita ba, babu laifi. Laifin shi ne a sa su a takardar jarrabawa da akwati biyu a ce yaro ya zaɓi ɗaya, kamar mai tambayar ya warware abin da ya raba Fowler da Jespersen. Na ga irin wannan tambaya da idona, kuma na ga an soke wa yaro amsar da wani babban masani zai iya karewa.

Abin da nake nema a wurin malamai bai taka kara ya karya ba. A rubuta jimlar a allo, a ce wa aji su faɗe ta da Hausa, ko da Zabarmanci ko Fulatanci ga wanda ya fi jin su, sa'an nan a tambaye su me ya sa suka ce *ruwan sha* ba su ce *ruwa mai sha* ba. Daga bakinsu ƙa'idar za ta fito, sai a raɗa mata sunan Latin daga baya in ana so. Ku kuma ɗaliban Hausa, ku daina zama a darasin Ingilishi kamar baƙi. Kun san mahaɗi, kun san dirka, kun san bambancin *dafa* da *dafawa* da *dafaffe*. Kayan aikin da babin nan ke bukata ke nan.

Da za ta tafi, ɗalibar ta tambaye ni me za ta rubuta in aka ce ta kawo ma'ana a jarrabawa. Na ce ta rubuta layukan nan biyu yadda aka ba ta, kada ta sauya ko wasali, tunda su za a ba maki. Amma kowace jimla aka ce ta tantance, ta fara juya ta da Hausa da fensir a gefen takarda, ta ga ko *mai* ya fito ko mahaɗi, ko *tana* ko *ce*, sa'an nan ta goge kafin a karɓi takardu.